Sawun da Kofato Ya Taka

A shekarar da gulbi ya ci fadamar Kalgo, tun zamanin En'e, ba gidan da ya yi asara irin gidan Sambo na Wurogauri. Ruwa ya tafi da ruga, ya tafi da garke, ya tafi da Sambo kansa yana ƙoƙarin kwance maruƙa. Matarsa Hajjo ta tsira a kan rumbun maƙwabta da 'yan matanta biyu. Ɗansu na fari kuwa, Lukuman, wani masunci ne ya tsamo shi rabin rai.

Abu ɗaya ya rage musu a duniya. Shekarun baya Sambo ya kai karsana biyu can tudu, Malisa ta ƙasar Gwandu, ya ba amininsa Abdulgani riƙo: nono da taki na mai riƙo, shanu na mai shanu. Makiyaya kan yi haka don kada ciwo ko masu jangali su tarar da dukiya wuri guda. Karsanan nan sun hayayyafa har sun zama ɗan garke.

Da hanya ta tsane, Lukuman da baffansa Umaru, ƙanen marigayi, suka taka har Malisa don su karɓo su. Abdulgani ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka dama fura, ya saurare su har suka gama. Sannan ya dafe ƙirji ya yi salati.

"Waɗanne shanu kuma? Ai Lukuman ɗan Sambo ya zo ya karɓa tun bayan ruwan ƙarshe. Gaban mutane na ba shi."

Umaru bai tambayi kowa komai ba. Juyawa ya yi ya cafki wuyan rigar ɗan wansa, yana cewa ya riga shi zuwa, ya sayar da gadon ƙannensa, yanzu kuma ya jawo shi don ya zama shaidar ƙarya. Dagacin Malisa ya sa aka ɗaure yaron a zaurensa, a kan za a miƙa shi ga alƙalin Gwandu in an ci kasuwa.

Kafin a ce me, labari ya riga kowa isa Kalgo. Mutanen da jiya suke yi wa Lukuman ta'aziyya su ne yau suke cewa dama sun ga idonsa bai yi ja sosai ba.

* * *

A Kalgo akwai wani tsohon maharbi, Abu, wanda ake kira in an yi sata ya bi sawu. Ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya, har ya fi kowa faɗin haka. Yana gyaran kwari a ƙofar gida sai ga Hajjo tsaye a kansa, da baƙin zane da ƙafa duk laka.

"Ke ba takaba kike ba?"

"Takabar tana nan, Baba, ba inda za ta. An ɗaure wancan yaron."

Abu ya san wane yaro. Bafillatana ba ta kama sunan ɗan fari, ko da wuƙa a wuyansa.

"An ce gaban shaidu ya karɓi shanun."

"An ce. Kai ma da 'an ce' kake aiki? Na ɗauka ƙasa kake tambaya."

Maganar ta soke shi, ya ajiye kwarin. Ya ce mata sawu ya tsufa, kowa ya san haka. Ta ce ita dai ta ga inda akuyarta ta taka tun ranar da ruwa ya janye, yana nan a bushe har yau kamar an zana. Gaskiyarta. Mutane na cewa ruwa na wanke sawu, amma sun manta da abin da ruwa ke bari a baya. Laka in ta sha ƙafa, rana ta gasa ta, sai wata daminar.

Kafin su kama hanya Abu ya biya bakin gulbi wurin Yusufu, masuncin da ya tsamo yaron. Ya same shi yana ɗinkin koma.

"Yaron nan ya kwanta gidanka."

"Awo. Zazzaɓi ya kusa ƙarasa abin da ruwa ya fara."

"Ya yi sambatu?"

"Sosai. Wule, Saye, Malisa, Wule, Saye. Na ɗauka 'yan mata na, ashe shanu."

Abu ya zuba masa ido. "Ke nan ka san sunan shanun, ka san inda suke."

Yusufu ya ajiye koma ya ƙyalƙyale da dariya. "Sarkin Sawu, in na saci saniya ina zan sa ta? Cikin jirgi? Ni da ko tunkiya ta dube ni sai in canza hanya?"

"Ranar da aka karɓi shanun, yana ina?"

Dariyar ta yanke. Yusufu ya ce da yaron ya iya tsayuwa ya fita shi kaɗai, ya bi gaɓar gulbi yana neman gawar ubansa, bai dawo ba sai da ya fid da rai. Ba wanda ya gan shi sai tsuntsaye. Yusufu ya naɗe komarsa ya rataya.

"Da ni za a tafi. Ban tsamo shi daga ruwa don a nutsar da shi a tudu ba."

* * *

A Malisa ba a zancen kowa sai Abdulgani. Tun da ruwa ya koro mutanen fadama, ya buɗe rumbunsa yana auna musu gero a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani. Abu ya same shi a nan, babban mutum mai taushin murya, da 'yan gudun ruwa zaune kewaye da shi suna sa albarka.

"Ka san Lukuman a fuska?" in ji Abu.

"Ina fa. In Sambo ya zo duba shanu, yaron yake bar wa garken gida. Rabona da shi tun yana goye."

"To da mi ka gane shi?"

"Ya faɗi sunan ubansa, ya faɗi yadda ruwa ya yi da shi, ya kira shanun ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Yana kuka, Malam Abu. Maraya na kuka gabana, in ce kawo shaida? Da wane ido zan dubi Sambo gobe ƙiyama?"

Masu sauraro suka yi ta gyaɗa kai.

"Ka raka shi?"

"Daga ƙofar garke na juyo. Zuciyata ba ta iya ganin tafiyarsu. Ɗaki na shiga, ban fito ba sai azahar."

Shaidun uku ne, duka dattawa. Abu ya ɗauke su ɗaya-ɗaya ya tambaye su kamannin mutumin. Na fari ya ce dogo ne. Na biyu ya ce ba shi da tsawo sosai. Na uku ya ce ya ja rawani ya rufe baki da hanci, kuma ai ba a ƙura wa mai makoki ido, ba ladabi ba ne. Duk kansu a ƙasa suka yi masa gaisuwa, kansu a ƙasa ya wuce da shanu. Amma da Abu ya tambaye su ko yaron da ke ɗaure a zaure shi ne, sai kowanne ya ce shi ne mana, ai sunan ɗaya ne.

Ran Abu ya ɓaci. Mutum uku masu furfura za su tura yaro gidan yari a kan fuskar da ba su gani ba, kuma suna jin sun yi ladabi.

Umaru ya iske Abu a gindin wata bishiyar bedi, tun bai zauna ba ya fara zuba. Abu ya katse shi.

"In an ɗaure yaron, wa zai riƙe abin da ya rage na gidan Sambo? Filin ruga, da 'yan matan?"

"Ni mana. Wa suke da shi?"

"Kai ma ka san sunan shanun."

Umaru ya miƙe yana rantsuwa, har sandarsa ta faɗi. Abu ya bar shi yana yi. A zaure kuwa Lukuman bai ce komai mai tsawo ba. Igiya ta ci wuyan hannunsa. Ya ce sunan shanun a bakin ubansa ya ji, bai taɓa sa su a ido ba, kuma a gaya wa innarsa ta koma gida.

* * *

Da safe Abu ya fara daga ƙofar garken Abdulgani. Sawun na nan, ya bi gefen wani kwari da ba a faye bi ba. Tun daga farko abin ya ba shi dariya. Shanun sun watse, wannan ta yi gabas waccan ta kutsa gona, sawun mutum kuma yana bayansu yana kai da kawowa, ga ramin sanda ko'ina. Wanda ya kora su ya sha wuya.

A gindin wata tsamiya, inda gari ya ɓace wa ido, sai labari ya canza. Shanun suka taru suka jeru layi guda, ba wadda ta sake ratsewa. Mai sandan yana biye a baya, ba ya ko gudu. Abu ya tsuguna. Ƙarƙashin kofatan akwai wata ƙafa dabam, babba, ba takalmi, kuma ko'ina kofato ne a kanta, ba ita a kan kofato ba. Wani ya jira a gindin tsamiyar, ya shige gaba, shanun suka bi shi.

Ya bi layin nan har bayan garin Masama. Dab da wata rugar baƙin makiyaya, mai babbar ƙafar ya ratse cikin dawa ya tsaya, mai sanda ya ƙarasa da su. Shanun na nan suna kiwo. Tsohuwar rugar, Inno Kubura, ta ce wani mai rufaffiyar fuska ya kawo su, ya ce shi ne Lukuman ɗan Sambo, ruwa ya cinye su, a taimaka a riƙe masa zuwa kaka.

"Kun tambaye shi wani abu?"

"Wanda ruwa ya ci gidansa? Haba."

Abu ya dawo Malisa da la'asar yana jin ya gama. Ya sami Hajjo a bayan gidan dagaci, inda aka sauke ta, ya faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba. Shanu na nan, amma aikin yaronta ne. Ya sami wani ya rufe fuska ya karɓo su, shi kuma ya jira a bayan gari. Shanu ba sa jeruwa bayan baƙo, jinin mai su suke bi.

Hajjo ta dube shi tun daga hula har ƙafa.

"Jini? Baba, ka taɓa kiwon ko akuya?"

"Ke, ina bin sawu tun ba a haife ki ba."

"Sawun gada da barewa. Saniya ba ta san jini ba, ba ta san gado ba. Wanda ya tatse ta, ya cire mata kaska, ya ba ta kanwa a tafin hannu, shi ta sani. Karsanan da muka kawo sun mutu tuni. Waɗannan duk a nan aka haife su. Ko marigayi in ya zo, daga nesa yake tsayawa ya ƙirga. A ina za su san wancan yaron?"

Abu bai ce ta yi gaskiya ba, don ba halinsa ba ne. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne geron da Abdulgani ke aunawa a ƙofar gida, da taushin muryar nan, da zancen gobe ƙiyama. Ya ari fartanya da faifai biyu, ya koma gindin tsamiya tun rana ba ta faɗi ba.

* * *

Ranar kasuwa da hantsi, kafin dogari ya tafi da Lukuman, Abu ya roƙi dagaci ya tara mutane a bakin tafkin bayan gari. An koro shanun daga Masama da ƙyar. Gari ya fito kaf, har da 'yan gudun ruwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Abu, "mutum huɗu suka san sunan shanun nan. Ina son kowanne ya shige gabansu ya kira su, mu gani."

Aka ba Yusufu kanwa a hannu. Ya matsa yana "Wule, 'yar albarka," da muryar mai lallashin kada. Wata ja ta kaɗa ƙaho sau ɗaya, sai ga shi a cikin tafki har gwiwa, yana cewa ai nan ne gidansu. Mutane suka yi dariya.

Umaru makiyayi ne na gaske. Ya yi kira mai daɗi, irin na Wurogauri. Shanun suka ɗaga kai suka dube shi, suka koma cin ciyawa.

Aka kwance Lukuman. Ya tsaya gaban dukiyar ubansa a karo na fari a rayuwarsa, ya kira su da sunayen da ya haddace. Muryarsa ta karye a na uku. Ko kunne ba su kaɗa ba. Ya matsa da kanwa, suka ja da baya.

"Saura kai," Abu ya ce wa Abdulgani.

Abdulgani ya yi murmushi. "Malam Abu, wanga ai ba gwaji ba ne. Kowa ya san ni suka sani. Ni na rene su, ba su bin kowa sai ni."

"Awo. Abin da nake son ka faɗa ke nan gaban mutane. Ba su bin kowa sai kai."

Abu ya buɗe faifan biyu. A kan kowanne akwai ɓawon busasshiyar laka da ya yanko, da sawun ƙafar mutum, kofato ya taka rabinta.

"Wanga daga gindin tsamiya na ɗebo shi, wanga daga bayan Masama. Duk mai so ya je, saura na can. Daga ƙofar garke zuwa tsamiya, kora su aka yi da sanda suna watsewa. Daga tsamiya zuwa Masama, wani ya shige gaba suka jeru bayansa. Kai ka ce ɗaki ka shiga sai azahar."

Mutane suka matso suna leƙa faifan.

"Ƙafa ai ƙafa ce," in ji Abdulgani. Taushin muryar ya ragu.

"To cire takalmi ka taka mana bakin tafki. Kada ka kira su. Tafi kawai."

Abdulgani ya dubi dagaci, dagaci ya dubi ƙasa. Ya tuɓe takalmin ya fara tafiya a kan danshi, bakinsa a rufe gam. Bai yi nisa ba jar saniyar ta bar ciyawa ta bi shi. Sai ta biyu. Sai duka, layi guda, suna taka inda ya taka, ta gaba tana cusa hanci a aljihun rigarsa. Abu ya ajiye faifai kusa da sabon sawun. Ko makaho ya shafa zai ce ƙafa ɗaya ce.

Abdulgani ya tsaya, shanun suka tsaya. Abin da ya faɗa bai da yawa. Ya ce shekara da shekaru yana wahala da su, Sambo ya mutu, yaro ba zai iya riƙe su ba. Mai rufe fuskar wani ɗan ƙodago ne da ya riga ya wuce kudu. Bai yi zaton za a ɗaure kowa ba.

"Amma da aka ɗaure, ka ci tuwonka," in ji Abu. "Zauren nan yana kan hanyarka ta masallaci."

Sai ga abin da ya fi satar ciwo. Dattawa suka matso suna cewa a rufa asiri. Mutumin nan ya ciyar da rabin fadama, sharrin shaiɗan ne, ga shanu an gani, mene ne na zuwa Gwandu? Shaidun uku suna gaba-gaba. Umaru ma, da bai ko dubi ɗan wansa ba, ya ce a bar shi a gida. Dagaci ya ce haka za a yi: yaro ya kwashi shanunsa, magana ta mutu a nan.

"Ta mutu a nan?" Hajjo ce, daga bayan mata. "Ai ba a nan take ba, ranka ya daɗe. Tana Kalgo, tana Wurogauri, tana duk rijiyar da ke tsakani. Can ana kiran wancan yaron ɓarawon gadon marayu. Wa zai ba shi mata? Wa zai ba shi riƙon ko kaza?"

Aka ce ta yi haƙuri, mace mai takaba ba ta ɗaga murya. Lukuman ya ɗauki sanda ya kora shanun. Ba su kai bakin hanya ba suka watse, suka zagayo da gudu suka tsaya bayan Abdulgani. Ya sake, Umaru ya taya shi, suka sake dawowa. Hantsi ya zama rana.

"Tafiyar kwana biyu ce," in ji Abu, yana kakkaɓe faifansa. "A haka ko Gwandu ba za su kai ba, kuma gonakin mutane ba a girbe ba. Duk wadda ta yi ɓarna, ƙara gabanka za ta zo, ranka ya daɗe."

"Shi suka sani," in ji Hajjo. "Ya shige gaba ya kai su."

Dagaci ya duba ko akwai wata dabara, bai samu ba.

Haka suka fita daga Malisa ranar kasuwa, hanya cike da mutane: Abdulgani a gaba, shanu a jere, Lukuman da uwarsa a baya, Abu da Yusufu na biye. A rijiyar ƙauyen farko wata mata da ta ci geronsa ta ajiye guga ta durƙusa.

"Baba Abdulgani, ina zuwa da rana haka? Shanun wa?"

Ya tsaya. Shanun suka tsaya. Ya yi kamar bai ji ba.

"Ana tambayarka," in ji Hajjo.

"Na Lukuman ne, ɗan Sambo."

"Lukuman? Ba shi ne ɓarawon da aka ɗaure ba?"

"Ba shi ya sata ba."

"To wa?"

Matan rijiya duk sun bar abin da suke yi. Abdulgani ya share zufa da hannun riga, ya ɗaga ƙafa, shanun suka bi shi. Yusufu ya tsaya shan ruwa yana ba matan amsa, kuma bai yi sauri ba. Daga nan zuwa Wurogauri akwai rijiyoyi da yawa, ga shi masunci mutum ne mai yawan jin ƙishi a tudu.